Neman Jitar Farko a Ƙasar Yauri

Da sanyin safiya motarmu ta bar tashar Birnin Kebbi ta ɗauki hanyar kudu. Muka wuce Kalgo, muka tsaya a Jega direba ya ƙara fasinja da buhunan kaya, sannan muka miƙe ta Maiyama da Koko. Wannan ita ce babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Yauri ta nufi Kwantagora, kuma duk wanda ya saba bin ta ya san manyan motoci ne ke da ita: tirelolin shanu da na albasa suna gangarawa kudu, tankokin mai suna haurowa arewa. Da muka shiga ƙasar Shanga sai itatuwa suka ƙaru, iska ta fara ɗauko ɗanshin kogi. Ta wannan ƙasa ne babban layin wutar Kainji ya ratsa zuwa Birnin Kebbi, inda wani layin ke karɓar wutar ya tsallake iyaka da ita har Yamai.

Ba ambaliya ce ta fito da ni ba, ba haɗarin jirgin ruwa ba, ba kuma bikin Rigata ba, abubuwan da aka saba aika ɗan jarida Yauri dominsu. Ɗan yayata ne da ke Birnin Yauri ya tara kuɗi daga aikin albasa da lodin busasshen kifi, ya kafe a kan cewa jita zai saya, irin mai aiki da lantarki. Uwarsa ta ce in zo in ga abin da idona kafin yaro ya zubar da guminsa. Ni kuma na ga tambayar ta wuce gidanmu: yaron da ke garin da babu shagon kayan kiɗa, aljihunsa ba nauyi, wutar gidansu ba tabbas, ta ina zai fara?

Mun isa Yelwa bayan azahar. Nan ne fadar Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ke kan karaga tun 1999, kuma nan ne hada-hadar ƙasar take, a bakin Kwara. Birnin Yauri kuwa, tsohuwar hedikwatar masarautar kafin a koma Yelwa a ƙarshen ƙarni na 19, tana ɗan gaba kaɗan a kan hanyar Kwantagora, a cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Har yau ana ganin burbushin tsohuwar ganuwarta. Can na kwana.

Bayan sallar isha'i yaron ya zo ya zauna kusa da ni a tabarma, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon wani Ba'abzine ne cikin rawani, riƙe da farar jita da hannun hagu, yatsunsa suna gudu a kan tsirkiya. Mdou Moctar ne, ɗan Jamhuriyar Nijar, wanda yanzu yake cika manyan zaurukan Amurka da Turai. Na tambayi yaron ko ya san inda mutumin nan ya ɗauki faifansa na farko. Ya girgiza kai. Na ce masa a Sakkwato ne, a 2008, faifan da ake kira Anar, kuma ta katin waya waƙoƙin suka yaɗu hannu da hannu a ƙasashen Sahel tun kafin Turawa su ji labarinsa. Jitarsa ta farko kuwa shi ya haɗa abarsa da katako da wayar birkin keke, kamar yadda Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ya haɗa tasa da gwangwani da sanda.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, “To Kawu, ni ai na samu tawa, kuɗin kawai zan tura.” Ya buɗo hoton wata jan jita mai sheƙi, an rubuta Fender a kanta, mai sayarwa yana Legas, ya ce a tura kuɗi a sako ta a mota. Farashin da aka sa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin Fender ta gaskiya ba. Na ce masa wannan cinikin biri a sama ne. Ana buga sunayen manyan kamfanoni a kan jabun kaya kamar yadda ake yi wa caja da takalmi, kuma ko da jitar ta gaske ce, abin da hannu bai taɓa ba, kunne bai ji ba, ba a biyan kuɗinsa. Muka yi shawara za mu koma Yelwa da safe mu nemi waɗanda suka san abin.

Uwarsa, da ke jin mu daga bakin ɗaki, damuwarta daban ce. Ba ta son a wayi gari ana kiran ɗanta maroƙi. Na fahimce ta, domin haka aka daɗe ana kallon makaɗi a ƙasar Hausa, ko da kuwa kowa na rausayawa idan ya ji kuntigin Ɗanmaraya Jos ko gurmin Haruna Uji. Na ce mata, “Yaya, yaron da ya iya tara kuɗi wata da watanni bai taɓa su ba, ya riga ya nuna yana da tarbiyya. Ki gindaya masa sharaɗi, amma kada ki karya masa gwiwa.” Ta gindaya: salla a kan lokaci, neman gurbin karatu na nan daram, kuma babu kiɗa bayan mutane sun kwanta.

A Yelwa mun zaga layin masu kayan lantarki shago bayan shago. Akwai lasifika manya da ƙanana, akwai amfilifaya ta masallaci da ta masu wa'azi, akwai farantan sola, batira, makirfo, fitilun caji. Ba mu ci karo da jita ko ɗaya ba. Duk wanda muka tambaya sai ya ce sai Sabon Garin Kano, ko Kaduna, ko kasuwar Alaba ta Legas. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin tun daga shekarun 1990 fiyanon Yamaha ne ya mamaye situdiyoyin waƙar Hausa. Mutum ɗaya zai zauna ya fitar da ganga da sarewa da jita duk daga maɓallai. Zamanin da Bala Miller ke tsayawa a Kaduna da cikakkiyar ƙungiya mai jitoci da ƙahonni ya zama tarihi. Wani mai shago ne ya ba mu shawarar da ta yi amfani: mu nemi masu kiɗan coci, su ne ke riƙe da jita a garin.

Ta haka muka samu wani malamin firamare, Bakambare, wanda ya shekara da shekaru yana kaɗa jita a majami'arsu. Ya karɓe mu hannu bibbiyu a ƙofar gidansa. Da ya ji abin da ke tafe da mu, sai ya aika aka ɗauko jitoci biyu na gwanjo da wasu abokansa ke neman mai saye. Ɗaya baƙa ce mai ƙyalli, da wani ƙarfe mai kama da hannun giya a gindinta. Ɗayar fara ce da ta koma ruwan madara don tsufa, fentinta ya ɓantale a gefe, sunan da ke kanta ma ya goge. Idon yaron tuni ya maƙale a kan baƙar.

Malamin bai ce masa komai ba. Ya ɗaga baƙar, ya ɗora gindinta a kan gwiwarsa, ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawon wuyanta daga sama, kamar yadda mai sassaƙa ke leƙa gorar tuƙin jirgi ya ga ko ta miƙe. Ya miƙa wa yaron ya ce, “Ƙanena, leƙa ka gaya mini.” Yaron ya leƙa ya ce gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. Malamin ya ce to wuyan ya murɗe, kuma wannan ciwo ne da ba ya jin magani. Ya bayyana cewa a cikin wuyan kowace jitar lantarki akwai sandar ƙarfe da ake juyawa da ɗan makulli; idan wuya ya lanƙwasa gaba ko baya, ita ke miƙar da shi. Amma idan ya murɗe gefe, sai dai a canza wuyan gaba ɗaya.

Sannan ya ɗauki farar. Wuyanta a miƙe. Ya danna tsirkiya a kan kowane layin ƙarfe da ke jere a wuyan, ɗaya bayan ɗaya, daga sama har ƙasa, yana kasa kunne ko wata za ta yi zizar ƙudan zuma ko ta mutu. Ya duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da layi na 12. Ya ce kada ta wuce milimita 2 da wani abu, domin idan tsirkiya ta yi sama da yawa, ɗan koyo zai ji yatsunsa kamar ana yanka su, kafin wata guda ya jingine jitar a bayan ƙofa. Ya shafa tafin hannunsa a gefen wuyan ya ji ko bakin ƙarafan na karce fata. Ya buɗe manhajar saita sauti a wayarsa, ya ɗaure tsirkiyoyin shida kowace a muryarta, ya kaɗa da ƙarfi na ɗan lokaci, ya sake aunawa: ba su sauka ba. Ya kuma gwada kowace tsirkiya a sake, sannan a danne a layi na 12, ya ce dole muryar ta zama ɗaya, ta biyun ta fi siriri kawai. A ƙarshe ya jona ta a amfilifaya, ya murɗa kowane maɓalli, ya girgiza wayar a bakin ramin da ake cusa ta, yana jiran ƙarar ƙaiƙayi. Maɓalli ɗaya ya yi ƙara. Ya ce wannan ƙura ce, aikin mai gyaran rediyo ne na ɗan lokaci.

Game da wancan ƙarfe mai kama da hannun giya, wanda ke sa sauti ya yi rawa, ya ce a jita mai araha shi ne babban mai kwance saiti, ɗan koyo ba ya bukatarsa. Na tambaye shi idan da sabuwa za a saya fa? Ya lissafo waɗanda aka yi domin masu farawa: Squier, wadda kamfanin Fender ke fitarwa tun 1982 a matsayin ƙaramar 'yar'uwar Stratocaster ɗin da ta fito a 1954, Epiphone, wadda ke hannun kamfanin Gibson tun 1957, Yamaha Pacifica, da Ibanez da Cort. Sai dai duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, farashinsu ya bi ta. Hukuncinsa a taƙaice: tsohuwa mai lafiya da ka gwada da hannunka ta fi sabuwa mara asali da ka gani a hoto.

Ba mu biya nan take ba, domin rabin maganar ya rage. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya. Idan ka kaɗa ta a sake, wanda ke ƙofar ɗaki ma da ƙyar zai ji. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiyar ƙarfe ta motsa a kansa sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan, amfilifaya ta karɓa ta kumbura ta. Shi ya sa tsirkiyar roba ba ta aiki a kanta. Don haka muka nufi rumfar wani mai gyaran rediyo da lasifika a bayan kasuwa, wanda malamin ya ce shi ke yi musu gyara.

Mun same shi da ƙarfen walda a hannu, kewaye da gawarwakin rediyo. Ya saurare mu, ya ajiye ƙarfen, ya jawo wata ƙaramar amfilifaya daga ƙarƙashin tebur ya juyo mana bayanta. An rubuta 120V. Ya ce ta Amurka ce, gwanjo; mai ita ya cusa ta a wutarmu mai ƙarfin 230, hayaƙi ya tashi. Wannan ne abu na farko da za a duba a kayan gwanjo. Na biyu ya fi haɗari: tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya, don haka idan amfilifaya na da lahani kuma soket ɗin gida ba shi da wayar ƙasa, kamar yadda yake a gidaje da yawa, wuta na iya biyowa har yatsun mai kiɗa. Ya gargaɗi yaron kada ya kuskura ya yi kiɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Na uku, ƙaramin janareta na sa gurnani a cikin sauti, musamman a jita irin farar nan mai siraran mayen ƙarfe guda uku. Masu kauri da aka haɗa bibbiyu sun fi shiru.

Sai yaron ya yi tambayar da ke cin sa: idan ba wuta fa? Tambaya ce mai nauyi a wannan ƙasa. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, tafkin da ya taru ya haura kilomita 130 a tsawo, ya haɗiye tsohuwar Busa da gungaye da tungaye masu yawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa da Kambari na ƙasar Yauri. Jikokin waɗannan mutane sun cancanci wuta mai ɗorewa fiye da kowa, amma a kwanakin da na yi a can, ɗaukewarta ta fi zuwanta yawa. Mai gyaran ya ce maganin shi ne ƙaramar amfilifaya mai batir. Akwai irin su Blackstar Fly 3 mai ƙarfin wat 3 da Roland Micro Cube, kowace batir shida ƙanana take ci. Akwai kuma 'yan mitsitsi da ake maƙalawa a jikin jita a saurara ta abin kunne, ba a dami maƙwabci ba. Idan waɗannan sun yi tsada, ya ce, shi da kansa zai iya haɗa masa 'yar ƙarama a cikin akwatin katako, mai aiki da batirin sola na gida. Ɗan koyo ba taro zai tara ba. Abin da yake bukata shi ne ya ji kansa.

Kashegari wani abokin yaron ya ɗauke mu zuwa tungarsu ta masunta a bakin tafki, cikin ƙasar Ngaski, domin mu gaida kakansa, wanda ya yi kiɗan molo a ƙuruciyarsa. Mun tarar da mata suna banda kifi, yara na gyaran koma, jirage masu inji na shiga suna fita. Dattijon na zaune a inuwar rumfa. Bayan gaisuwa aka gaya masa abin da yaron ke nema. Ya sa aka ɗauko molonsa, fatar ta yi baƙi don shan hannu, ya ɗaure tsirkiyoyinsa uku da kunne kawai, ba waya ba na'ura. Ya kaɗa wani gajeren zagaye, ya maimaita, ya sake maimaitawa, babban yatsa na riƙe da ƙasa, manuniya na yawo a sama. Yaron ya zaro ido ya ce, “Baba, ai wannan shi ne abin da nake ji a wayata.”

Gaskiya ya faɗa. Ali Farka Touré na Niafunke a Mali, a bakin wannan kogi namu can sama, da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya riƙe jita, kuma salon da ya kwaso daga gare su ne ya kai shi ga lambar Grammy. Bombino na Agadas, ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar wannan lamba saboda faifansa na 2018, da ƙungiyar Tal National ta Yamai mai rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci, duk kiɗan gida suka ɗora a kan jita. Dattijon ya ce wa yaron ya riƙa zuwa yana zama tare da shi. Jita ta Bature ce, amma hannu da kunne a gida ake samun su.

A tungar na lura da wani abin da ya shafi ajiya. Duk ƙarfen da ke wurin ya yi tsatsa, har makullin ƙofa. Ɗanshin bakin ruwa a damina na cin tsirkiya cikin 'yan makonni idan ba a goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa. Hunturu kuma na busar da katako har bakin ƙarafan wuya su fito suna yanka hannu. Jita ba ta son rana, ba ta son a jingine ta a bango ƙarƙashin kwanon da ya ɗauki zafi. Don haka jaka ba ado ba ce, tana cikin lissafi.

Da muka koma Yelwa muka zauna da malamin muka kasa kuɗin yaron. Kusan kashi biyu cikin uku ya tafi ga farar jitar, bayan an yi ciniki an rage saboda maɓallin nan mai ƙara. Mafi yawan ragowar aka ba mai gyaran rediyo don ya wanke maɓallin ya kuma haɗa amfilifayar batir. Abin da ya saura aka damƙa wa wani direban motar Kano, wanda malamin ya saba aike ta hannunsa, ya sayo wayar jona jita mai kyau da saitin tsirkiya biyu na siraran nan masu lamba 9, waɗanda suka fi sauƙin dannawa. Jaka kuwa tela zai ɗinka da tsohon bargo a ciki. Malamin ya yarda zai riƙa koya masa ranar Asabar, ya kuma gaya masa tun wuri cewa makonnin farko yatsu za su yi zafi har su yi kanta, kuma rabin sa'a kullum ta fi wuni guda sau ɗaya a mako.

Abin da na ɗauko daga wannan tafiya shi ne, jitar farko ba da suna ake zaɓen ta ba, ba kuma da launi ba. A duba miƙewar wuya, a duba ko tana riƙe saiti, a duba taushin dannawa, a san irin wutar da za a ba ta, a tafi da wanda ya iya, kada kuma a zuba duk kuɗin a kanta ita kaɗai. Ga iyaye kuwa, yaron da ya zo da irin wannan buri a zauna da shi a yi masa iyaka da jagora, domin hana shi ba ya kashe sha'awar, sai dai ya tura ta inda ido ba ya gani. Ina kuma kira ga masu shirya bikin Rigata da ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga su ware wuri ko da ɗaki ɗaya ne, da sola da 'yan kayan kiɗa, inda dattawan molo da garaya da goge za su zauna da samarin jita da fiyano. Dattawan nan suna ƙarewa, kuma abin da ke hannunsu ba a sayar da shi a Alaba ko Sabon Gari.